Neman akwatin fiyus na cikin mota: inda ake ɓoye shi da yadda ake buɗe shi

Canza fiyus ɗin mota ba wani aiki ba ne, yaro ma in an nuna masa zai iya. Wahalar tana wajen gano inda yake. Yawancin masu mota sun san baƙin akwatin nan da ke ƙarƙashin bonet kusa da batir, shi ya sa da rediyo ya ɗauke ko caja ta daina kawo wuta sai su nufi can, su bi fiyus ɗaya bayan ɗaya, su tarar duk lafiyarsu lau, su rufe bonet suna cewa ai matsalar ba ta fiyus ba ce. Ta fiyus ce, sai dai ba a wannan akwatin yake zaune ba.

Kusan kowace mota ta zamani tana da akwati biyu aƙalla. Na wajen injin shi ke ɗauke da masu jan wuta da yawa, irin su fankar lagireto da birkin ABS mai hana tayoyi maƙalewa in an taka birki da ƙarfi, da manyan fiyus masu raba wuta zuwa sauran sassan motar. Na ciki, inda mutane ke zama, shi ke kula da abubuwan da hannunka ke taɓawa kullum: rediyo, soket ɗin caja, fitilar rufi, gilasan ƙofa, madubin gefe, fitilun mita, sau da yawa har waifa. Rabon ba iri ɗaya ba ne a kowace mota, amma in abin da ya mutu a ciki yake, ni da akwatin ciki nake farawa. Wasu motocin, musamman na Jamus, suna da na uku a but, wasu kuma a ƙarƙashin kujerar baya.

Abu biyu zan nuna maka: yadda nake gano akwatin a motar da ban saba da ita ba, da yadda ake buɗe shi murfin ya koma yadda aka same shi. Na biyun ya fi damuna, don na ga dashbod da yawa da aka yi wa tabo da bakin sukundireba saboda fiyus ɗin da bai wuce girman farce ba.

Kafin ka durƙusa

Fara da littafin motar. Na san ba kowa ke son jin haka ba, amma shi ne gajeriyar hanya. Je ka shafukan ƙarshe inda aka jera kalmomi, ka nemi Fuses a ƙarƙashin harafin F, za ka ga zanen inda kowane akwati yake. In littafin ya ɓace, yawancin kamfanoni sun sa shi a shafinsu na intanet. Sai dai sunan mota kaɗai bai isa ba. Corolla ta 2006 da ta 2010 suna ɗaya suke amsawa, amma jerin fiyus ɗinsu daban ne, kuma ko shekara ɗaya ce, wadda aka ƙera don Amurka tana iya bambanta da wadda aka ƙera don Turai. In kana shakkar shekarar motarka, duba lambar shasi a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ko a takardar da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofa. Tun 1981, a yawancin motoci haruffa da lambobi 17 ne. A motocin kasuwar Amurka, na goma a jerin shi ke nuna shekarar: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A kuma 2010, B 2011, haka dai har gaba.

Ka ajiye motar a wuri mai haske, ka ja birkin hannu, ka kashe ta ka zare makulli. In mai maɓallin tayarwa ce, ka tabbata ta mutu ɗungurungum, ba wai ta tsaya a ACC ba, wato inda injin ke kashe amma rediyo na da wuta. Ka tura kujerar direba baya iya ƙarshenta tun kafin ka kashe motar, in kujerar ta wuta ce, ka ɗaga sitiyari sama, ka cire kafet ɗin ƙafa. Zobe da agogon ƙarfe su ma a tuɓe su. Tocila kuwa dole ce ko da tsakar rana, don ƙarƙashin dashbod duhu ne a kowane lokaci. Wadda ake ɗaurawa a goshi ta fi, saboda za ka buƙaci hannuwanka biyu.

Ana yawan tambayata ko sai an cire kan batir. In ƙaramin fiyus za ka canza, kashe mota ya wadatar. Cire batir yana da nasa ciwon kan: agogo ya ɓata, wani rediyon ya nemi lambar sirri, gilasan ƙofa su manta hawa da sauka da kansu. Amma in fiyus ɗin na noti ne, ko za ka kwance akwatin kansa daga mazauninsa, to cire wayar batir mai alamar ragi tukuna.

Wuraren da nake dubawa

Na farko, ƙarƙashin dashbod ta gefen direba, tsakanin sandar sitiyari da ƙofa, sama da inda kake ajiye ƙafar da ba ta aiki. Nan ne gidan Toyota da Honda: Corolla, Camry, Civic, Accord, duk nan za ka fara. Daga kan kujera ba za ka taɓa ganinsa ba, don a Toyota akwatin ƙasa yake kallo. Buɗe ƙofa wangale, ka durƙusa a waje, ka juya ka kwantar da kafaɗarka a kan dokin ƙofar motar, kanka kusa da feda, ka ɗaga ido sama. Za ka ga tarin wayoyi an naɗe su da baƙin tef, da soket mai ramuka 16 da ake sa na'urar binciken mota, sannan kusa da shi wani siririn murfin roba mai dogon fasali, an rubuta ƙananan kalmomi da lambobi a bayansa. Shi ne. A Honda da yawa babu ma murfin, fiyus ɗin a fili suke masu launi-launi, an manna takardar bayaninsu a robar da ke kusa.

In bayanka ba ya son irin wannan kwanciyar, ga dabara: kunna kyamarar wayarka ta bidiyo tare da fitilarta, ka zura hannu ka zagaya da ita a hankali a ƙarƙashin dashbod, sannan ka zauna ka kalla. Da yawa a nan neman yake ƙarewa, kuma ka san daidai inda za ka kai hannu.

Na biyu, ɗan murfi a fuskar dashbod daidai gwiwar direba, ta ɓangaren ƙofa. Hyundai da Kia da Nissan sun fi son wannan, kuma ni a ganina su suka fi tausayin mai mota: ka sa yatsa a gurbin da aka bari, ka jawo, ga fiyus na kallonka. A wasu motocin ɗan aljihun nan na ajiye kuɗin ƙarfe shi ne murfin. Golf 7 mai sitiyari a hagu haka take, sai ka buɗe aljihun, ka saki abin da ke tokare shi, ka jawo shi gaba ɗaya, akwatin na bayansa.

Na uku shi ya fi ɓatar da mutane, alhali ya fi kowanne sauƙin kaiwa: ƙarshen dashbod, wato gefen da ƙofa ke rufewa a kansa. Muddin ƙofa na rufe ba ka ganinsa. Buɗe ƙofar direba ka dubi kuncin dashbod ɗin, za ka ga faifan roba mai santsi da ɗan tsagi a gefe ko a ƙasa. Golf 4, Passat ta zamaninta, Audi A4, da Mercedes C-Class ta 2000 zuwa 2007 duk suna da akwati a nan. Wasu Audi ma gefe biyu ne, na direba da na fasinja, don haka in ka buɗe ɗaya ba ka ga lambar da kake nema ba, zagaya ɗaya ƙofar.

Na huɗu, aljihun gaban fasinja: cikinsa, bayansa ko ƙarƙashinsa. A nan sai an ɗan yi haƙuri. Ka fara kwashe duk abin da ke ciki, in ba haka ba takardu da biro za su zube a ƙasa lokacin da ya sauko. A BMW 3 da ake kira E46, in ka buɗe aljihun ka leƙa rufinsa, akwai fararen makullai biyu na roba. Murɗa su, sai faifan fiyus ɗin ya sauko gaba ɗaya yana lilo, da katin bayani a soke a jikinsa. A Ford Fiesta ta 2008 zuwa 2017 aljihun ne da kansa ake saukewa: ka matse gefensa biyu zuwa ciki da tafin hannu har kunnuwan da ke tare shi su wuce, sai ya faɗo ƙasa ya bar rami, akwatin na can ciki. Ford Focus kuwa a ƙarƙashin aljihun yake, bayan wani rufi mai laushi da ƙananan maƙalai ke riƙe da shi. A motoci da yawa akwai ɗan sandan roba a gefen aljihun, wanda ke sa ya buɗe a hankali maimakon ya faɗo. Zare shi daga ƙugiyarsa kafin ka sauke aljihun. In ka manta ka ja da ƙarfi zai karye, daga ranar kuma aljihun zai riƙa dukan gwiwar fasinja.

Sauran wuraren ba su da yawan bayani. Akwai robar bangon ƙafa, wadda ke gaban ƙofa daga ƙasa: Ford F-150 a ta fasinja take ɓoye nata, Accord ta 2008 zuwa 2012 kuma, ban da akwatin gefen direba, tana da wani a ƙasan gefen fasinja. Akwai but, a bayan rufin gefe ko kusa da batir in batirin a can yake. Akwai ƙarƙashin kujerar baya a wasu tsofaffin Mercedes.

Abu ɗaya da ke rikita lissafi shi ne gefen da sitiyari yake. In ka ga hoto a intanet an ce akwatin na gefen direba, ka tambayi kanka direban wace ƙasa. Peugeot da Citroën da Renault sun saba barin akwatin a hagu ko da sun mai da sitiyari dama don kasuwar Ingila, sai ya koma cikin aljihun fasinja ya cinye rabinsa. Don haka mota iri ɗaya, wani zai rantse maka akwatin na ƙarƙashin sitiyari, wani ya rantse yana cikin aljihu, kuma duk gaskiya suka faɗa.

Shawarata ita ce ka yi wannan neman yau da motar ke lafiya, da rana, hankalinka kwance. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma waifa ba ta mutuwa sai ana tsaka da ruwa.

Buɗe murfin

Duk murfin da aka yi don mai mota ya buɗe, an bar masa alama: gurbin yatsa, ɗan tsagi, kunnen da ake matsawa, ko makulli mai faɗin tsagi da ake murɗawa da kuɗin ƙarfe rubu'in zagaye. In ka zagaya da yatsa ba ka ji ko ɗaya ba, mai yiwuwa ba murfin ba ne, kada ka tilasta masa. In mai tsagi ne, abin ɓamɓare roba da aka yi da roba shi ya fi dacewa. In babu, naɗe bakin sukundireba mai faɗi da ƙyalle ko tef, ka zura a tsagin, ka murɗa hannunka kaɗan maimakon ka yi ta banƙara. Da kilif na farko ya saki za ka ji ƙas, sai ka ajiye ƙarfen ka ci gaba da yatsu, kana bin gefen kana sakin sauran ɗaya bayan ɗaya. Jawo shi kai tsaye zuwa gare ka, kada ka lanƙwasa. Robar da ta daɗe tana shan rana, da wadda sanyi ya ƙame, duk saurin tsagewa gare su.

In murfin ya saki ta ko'ina amma wani lungu ya ƙi, tsaya ka haska. Sau da yawa sukuru ne ɓoye a ƙasa, wani lokaci mai kan tauraro, musamman a motocin Turai. In kuma akwai maɓalli a jikin murfin, to akwai waya a bayansa, kada ka fizge. Bar shi ya rataya ko ka zare soket ɗin a hankali.

Akwai roba ɗaya da ba a taɓawa: wadda aka rubuta SRS AIRBAG a kanta. Motoci da yawa yanzu suna da jakar iska ta gwiwa a ƙarƙashin sitiyari, daf da inda kake nema, ta fasinja kuma tana saman aljihun gaba. Wayoyinsu da soket ɗinsu rawaya ne. Duk waya ko soket da ka gani rawaya a can ciki, kada ka zare shi, kada ka sa masa testa, wato abin gwada wuta. In motar mai haɗa fetur da batir ce ko ta lantarki zalla, wayoyi masu ruwan lemo na babbar wuta ne mai kisa, ba ruwanka da su sam.

Karanta taswirar

Juya murfin, yawanci taswirar na bayansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne riƙe ta a juye, musamman in kana kwance kanka a ƙasa, hagu ta zama dama. Ni ba na ƙirga ramuka daga gefe, lambobi nake bi. In taswira ta nuna layi mai 10, 10, 15, 7.5, 30, wato amfiyar da kowane fiyus ke ɗauka, sai in nemi layin da launukansa suka tafi ja, ja, shuɗi, ruwan ƙasa, kore. Da na same shi na san ta inda taswirar ta fuskanta. Kada ramukan da babu komai a ciki su tayar maka da hankali. Akwati ɗaya ake yi wa mota mai kayan alatu da marar su, ramin kujera mai ɗumi zai zauna fanko in motarka ba ta da ita.

Motocin Japan da Koriya gajerun kalmomi suke rubutawa. CIG, ko P/OUTLET, ko ACC SOCKET, soket ɗin caja ne. DOME ko ROOM fitilar rufi ce, kuma sau da yawa agogo da ƙwaƙwalwar rediyo na rataye a kanta. TAIL fitilun baya na dare, STOP fitilun birki, GAUGE ko METER allon mita, WIP waifa, P/W ko POWER gilasan ƙofa. Duk wanda ka ga IG a sunansa, sai an murɗa makulli yake samun wuta. Na Jamus kuwa lamba kawai suke bugawa a gefen kowane rami, bayanin na wani kati da aka ninke a cikin akwatin ko wajen kayan canza taya, da ƙananan zane-zane a madadin kalmomi.

Kafin ka zare ko ɗaya, ɗauki hoton akwatin. Wannan ba na sassauci a kansa. Mutum zai zare uku don ya gwada, wayarsa ta yi ƙara, ya dawo ya rasa wanne ne na wane rami, ga ramukan banza a gefe suna jiran a yi kuskure. Ɗaya-ɗaya ake zarewa, a duba, a mayar, sannan a je na gaba. Na SRS da ABS da ECU, wato kwamfutar injin, kuma kada ka zare su makulli na kunne, don kwamfutar motar za ta rubuta matsala ta kunna maka fitilar gargaɗi, wata ma ba za ta mutu ba sai an sa na'ura.

Akwai ɗan matsefin roba na zare fiyus, fari ko rawaya, da kamfani ke sakawa a mota. Abin haushi, yawanci a akwatin wajen injin suke ajiye shi, don haka sai ka buɗe bonet ka ɗauko. A can ne kuma za ka samu fiyus na ajiya, an rubuta SPARE a gefensu. In matsefin ya ɓace, filaya mai dogon baki za ta yi, ka kama robar a hankali ka ja a miƙe. Sukundireba dai ba ya shiga nan.

Ɗaga fiyus ɗin ka saita shi da haske. A cikin robar akwai siririn ƙarfe lanƙwasasshe da ya haɗa ƙafafu biyu. In ya ƙone za ka ga gibi a tsakiyarsa, wani lokaci da baƙin tabo ko robar ta yi duhu a wurin. Amma ido na yaudara, akwai tsagewar da ba ta kai kaurin gashi ba. Shi ya sa na fi yarda da testa mai kwan fitila, kuma da ita ba sai ka zare komai ba. Dubi bayan kowane fiyus, gefe da gefen lambar akwai ɗigon ƙarfe biyu a fili. Maƙala wayar testar a wani noti mai tsabta a jikin motar, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da injin ba, ka taɓa ɗigon farko sannan na biyu. In ta kama a duka biyun, fiyus lafiya. In ta kama a ɗaya kawai, ya ƙone. In ba ta kama ko'ina ba, layin ne ba a ba shi wuta ba, kunna abin da yake yi wa aiki ka sake gwadawa. Da haka za ka bi akwati guda cikin ɗan lokaci.

Irin wannan fiyus mai ƙafafu biyu a cikin roba, kamfanin Littelfuse na Amurka ne ya fito da shi a 1976, kuma launukansa tsari ɗaya ne a ko'ina: 5 ruwan ƙasa mai haske, 7.5 ruwan ƙasa mai duhu, 10 ja, 15 shuɗi, 20 rawaya, 25 fari garai-garai, 30 kore. Girma kuwa ya kasu. Akwai na asali, akwai ƙarami da ake kira mini, akwai mini mai gajerun ƙafafu da Toyota da Honda ke yawan sakawa, akwai micro da ya fi su siranta. Ba sa shiga ramin juna yadda ya kamata, don haka in za ka sayo, tafi da wanda ya ƙone a aljihunka. Masu fasalin ɗan akwati da tagar gilashi a sama launinsu wani tsari ne daban, 30 ɗinsu ruwan hoda ne, 40 kore. Lambar da aka buga ita ce abin dogaro, launi taimako ne kawai. Tsofaffin motoci kuma za ka iya tarar da na kwalba ko na tangaran mai tsini biyu.

Lambar da ka cire ita za ka mayar, kuma ka duba ta dace da ta taswira, don wataƙila wani ya riga ka ya saka ba daidai ba. Fiyus ba rediyo yake karewa ba, waya yake karewa. An auna kaurin wayar da amfiya 10, an sa mata fiyus ɗin da zai tsinke kafin ta yi zafi. Ka sa na 30 a wurin, ko ka naɗa silin waya, ko takardar kwalin sigari mai ƙyalli, to in matsala ta zo wayar ce za ta narke, a cikin dashbod, a tsakiyar dauri guda na wasu wayoyin. Daga nan gobarar mota ke tashi. In kana kan hanya ba ka da na ajiya, ari mai lamba ɗaya daga abin da za ka iya haƙura da shi, kamar soket ɗin caja, ka sa wa fitilar birki ko waifa. Wanda bai kai lambar ba ma zai iya kai ka gida, iyakarsa ya sake ƙonewa.

In ka sa sabo ya ƙone nan take, tsaya, kada ka sa na uku. Akwai inda waya ke taɓa ƙarfen motar. In na soket ɗin caja ne, haska cikin ramin, kuɗin ƙarfe ko karyayyen kan caja na yawan faɗawa ciki. Ka kuma yi lissafin abin da kake sakawa: soket mai fiyus 10 a wutar 12V wat 120 yake ɗauka, mai 15 kuma wat 180, kuma famfon ba taya iska yana iya wuce haka lokacin da ya fara aiki. In na gilashin ƙofa ne ko makullinta, zargina na farko robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, inda wayoyi ke karyewa saboda buɗewa da rufewa. In an taɓa sa wa motar sabon rediyo, kyamara ko na'urar bin sawu, a nan ma a duba. Abin da ya wuce haka aikin mai wayarin ne, kuma in ka je masa da sunan fiyus ɗin da lokacin da yake ƙonewa, ka rage masa rabin aiki.

Wasu 'yan abubuwa da za ka iya cin karo da su a can. A Hyundai da Kia da yawa akwai ɗan maɓalli a tsakiyar akwatin mai ON da OFF. Na ajiye mota ne na dogon lokaci, kuma in hannunka ya ture shi zuwa OFF rediyo da agogo da rimot za su rikice, ka yi ta neman fiyus ɗin da bai ƙone ba. Nissan ma tana da makamancinsa, wanda ake dannawa ciki. Sannan a motocin zamani akwatin cikin ba akwati ba ne kawai, kwamfutar da ke sarrafa fitilu da makullai na haɗe da shi, irin wadda Peugeot ke kira BSI. Shi ya sa ruwa ke masa mugun lahani. In ka taɓa kafet ɗin ƙasansa ka ji danshi, ko ka ga kore-koren tsatsa a ƙafafun fiyus, nemi inda ruwan ke shigowa: bututun tagar rufi da ya toshe, gefen gilashin gaba, ko bututun zubar da ruwan na'urar sanyaya mota. Akwai kuma motocin da za ka gaji da nema ba ka samu ba, kamar Tesla Model 3, wadda kwamfuta ke yanke wuta ta mayar da kanta a madadin fiyus ɗin da ake zarewa.

Wajen rufewa, danna sabon fiyus ɗin har ya yi daidai da na gefensa, ka kunna motar ka gwada abin kafin ka mayar da murfi. Kwatanta akwatin da hoton da ka ɗauka. Murfi mai kunnuwa a gefe ɗaya, kunnuwan ake fara zurawa sannan a danna ɗaya gefen da tafin hannu. In ka sauke aljihun gaba, maƙala ɗan sandan nan kafin ka tura shi ciki. Mayar da matsefin mazauninsa, ka sayo madadin fiyus ɗin ajiyar da ka ɗauka. Kafet ɗin direba kuma ka tabbata ya shiga ƙugiyoyinsa na ƙasa, don wanda ya zame gaba yana iya danne totur ko ya cushe a ƙarƙashin birki.